Sito a jikin tashar jirgin Zariya: in kama ko in haƙura?

Dan_Giwa: Assalamu alaikum jama'a. An yi mini tayin sito a Sabon Garin Zariya, jikin tashar jirgin ƙasa, mai shi yana son kuɗin shekara 2 a dunƙule. Masara nake tarawa daga Giwa da Funtuwa, wajen buhu 600 a wata, ina kai wa masu abincin kaji a Ibadan. So nake in bar tirela in koma tarago. Ana samun tarago a kan lokaci a Zariya? Kuma layin Funtuwa yana ɗaukar kaya, ko sai na kawo su Zariya a mota?

Tsohon_Gadi: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka dai zaɓi gari. Jirgi ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911. Daga nan aka ja ƙaramin layi zuwa Jos saboda kuza, aka rufe shi a 1957. Na Funtuwa, Gusau da Ƙauran Namoda an gama shi a 1929, auduga da gyaɗa ne suka kawo shi. Yanzu hanya uku ce ta haɗu a nan, Kaduna, Kano da Gusau, kuma a nan ofishin shiyyar Arewa na hukumar jiragen ƙasa yake.

Hajiya_Kwangila: Baba, tarago ya tambaya, ka ba shi tarihi.

Tsohon_Gadi: Hajiya, tarihin ne amsar. Layi ɗaya tal ne tun daga Kano har Ikko, jirgi biyu ba sa giftawa sai a tashar da ke da layin ratse. Kan jirgi ɗaya ya lalace tsakanin Minna da Zungeru, duk wanda ke bayansa ya tsaya. Kuma ba a tayar da jirgi saboda tarago biyu. Buhu 600 lodin tirela biyu ne, wato kusan tarago biyu. Za a ajiye su a layin gefe har a tara na wasu, a yi shantin, wato a jera su bisa inda kowanne zai sauka. Jiran nan shi ne ainihin kuɗin.

Injiniya_Samaru: Alhaji, kada ka haɗa lissafinka da sabon layin Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a 2021. Faɗin tsohon layi milimita 1,067 ne, sabon 1,435, irin na Abuja zuwa tashar Rigasa ta Kaduna da aka buɗe a 2016. Taragon wannan ba ya hawa wancan. In sabuwar tasha ta faɗa bayan gari kamar ta Rigasa, sitonka na Sabon Gari sai an sa mota tsakani.

Mai_Sikeli: Ku bar zancen milimita, ga abin da ke karya mutane. Wani ɗan kasuwa ya ba wani dillali kuɗin tarago uku, bai je ofis da kansa ba, bai karɓi rasit ba. Dillalin ya ce jibi jirgi zai tashi. Aka loda masarar kaka wadda ba ta gama bushewa ba, aka sa kwado. Tarago ƙarfe ne, da rana ya ɗauki zafi, da dare ya yi gumi, gumin ya riƙa ɗiga kan buhunan sama. Jibi ta zama mako, mako ya zama uku. Da aka buɗe, na sama sun yi fumfuna, na jikin bango sun dunƙule. Masu abincin kaji suka ƙi karɓa, don gubar fumfunar masara tana kashe tsaki. Dillali ya kashe waya. Da mutumin ya je neman haƙƙinsa aka ce ya kawo takardar kaya, ashe da sunan dillalin aka rubuta ta. Har gidansa sai da ya jinginar.

Dan_Giwa: Innalillahi. A Zariya aka yi haka?

Mai_Sikeli: Ko'ina ne ɗaya ne. Danshin masara kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Ka shiga taragon da rana kafin lodi, ka sa a rufe ƙofa, duk inda haske ya shigo ruwa ma zai shigo. Katako a ƙasa, tampol a sama, kada buhu ya taɓa bango. Takarda da sunanka, lambar kowane tarago a rubuce a kanta.

Hajiya_Kwangila: Amma ai shi ya cuci kansa. Wa ke loda ɗanyar masara ko a tirela?

Mai_Sikeli: Tirela kwana 2 ko 3 ta sauke a Ibadan, Hajiya. Ɗanyar ma tana isa lafiya.

Abu_Funtuwa: Duk da haka kuɗin tarago bai wuce rabin na tirela ba, kuma babu mai tare ka a hanya ya ce ka kawo na shayi.

Direban_Daf: Wane rabi? Sa kuɗin motar da za ta kawo daga Giwa, 'yan dako su sauke a sito, su sake lodawa a tarago, a Ibadan a sauke a sake ɗora wa wata mota. Ɗauka shida ke nan maimakon biyu, kowace ɗauka buhu na fashewa. In ka ƙara kuɗin jinkirin sauke kaya, ya kamo na tirela ko ya wuce.

Abu_Funtuwa: Direban tirela ne zai ce a hau jirgi? A 2016 ai daga Gusau aka loda shanu har Ikko.

Direban_Daf: Sau nawa aka maimaita? Kai da ko buhu ɗaya ba ka taɓa aunawa a tasha ba.

Tsohon_Gadi: Ku biyun babu wanda ya taɓa riƙe tutar gadin jirgi. Alhaji ya je ofishin shiyya ya nemi farashin tan a rubuce, da ranar da jirgin kaya na ƙarshe ya wuce Makwa da gadar Jebba. Can ne damina ke cinye ƙasan layi.

Sarkin_Barkwanci: Ka kama siton kawai Alhaji. In jirgi bai zo ba ka zuba kaji a ciki, ga masara a hannu.

Injiniya_Samaru: Kafin ka biya ka bincika ko filin na reluwe ne. In nasu ne, mai siton ɗan haya ne kamarka, sai ka ga takardarsa da shekarun da suka rage masa.

Abu_Funtuwa: Wane fili ya rage? Mutane sun yi gini har bakin layi, 'yan kasuwa na baza kaya a kan kwangiri.

Tsohon_Gadi: Gini da sauƙi, ana rushewa. Ɓarayin ƙarfe su ne masifa. Da dare suke zare ƙusoshin da ke riƙe kwangiri, sai layi ya buɗe a ƙarƙashin jirgi mai nauyi, ƙafa ta faɗa tsakiya. Wasu da wutar gas suke yanka kwangirin gunduwa-gunduwa su loda a mota.

Direban_Daf: Kada a kalle mu. A tambayi masu narka ƙarfen da ke saye.

Hajiya_Kwangila: A tambayi mai motar ma. Kwangiri ba a kai ake ɗaukarsa ba.