Neman shawara: ejan ya ce kwantiragina yana wajen IR35, in sa hannu?

Wani ɗan uwa daga Manchester:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikin manhajar kwamfuta nake yi, kuma ina da ɗan kamfanina. An ba ni kwantiragin wata shida a wani babban kamfani. Ejan, wato dillalin aikin, ya ce min a waya aikin yana wajen IR35 (dokar harajin Birtaniya da ke duba ko ɗan kwantiragi a zahiri ma'aikaci ne), ma'ana ba za a cire min haraji kamar ma'aikaci ba, amma babu komai a rubuce. Sai ga shi an ce kullum ƙarfe tara ina ofis, da kwamfutarsu zan yi aiki, manaja ne zai riƙa raba min abin yi. Hankalina bai kwanta ba. Ranar Juma'a suke so in sa hannu.

Wata 'yar uwa daga Leeds:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, maganar waya ba hujja ba ce. Tun Afrilun 2021, manya da matsakaitan kamfanoni masu zaman kansu su ne ke yanke ko kana cikin IR35 ko wajenta, kuma dole su ba ka takardar SDS, wato takardar hukuncin da suka yanke, da dalilansu. Ka nema kafin ka sa hannu. In ba ka gamsu ba kana da damar ƙalubalanta, su kuma su amsa cikin kwana 45.

Wani dattijo daga Birmingham:
Yaro, abin da ka lissafa ɗin nan kamannin ma'aikaci ne. HMRC, hukumar harajin Birtaniya, ba takarda kawai take dubawa ba, yadda aikin ke gudana a zahiri take bi. Wa ke da iko da lokacinka da yadda kake aiki? In ba ka da lafiya, za ka iya tura wani ya maye gurbinka, su karɓa? Ka tambayi manajan da kansa, ba ejan ba. Sannan ka shiga CEST, manhajar tantance matsayin aiki don haraji, a shafin gwamnati, ka amsa tsakaninka da Allah, ka adana sakamakon. Ka kuma leƙa Companies House, hukumar rajistar kamfanoni, ka tabbatar da girman kamfanin, domin in ƙarami ne, nauyin yanke hukuncin a kanka yake komawa.

Mai tambaya:
Na gode Baba. Ejan ya ce in ma aikin ya faɗa cikin IR35, akwai kamfanin lema (umbrella, kamfanin da ke ɗaukar ɗan kwantiragi a matsayin ma'aikacinsa yana biyansa albashi) da zai bar min kashi 85 na kuɗina.

Wani ɗan uwa daga Landan:
Don Allah ka guje shi. Ni na taɓa faɗawa. A takardar albashina sai in ga ɗan ƙaramin albashi, sauran kuɗin ya shigo daban da sunan rance. Bayan shekaru wasiƙar HMRC ta iso cikin ambulan ruwan ƙasa, kamfanin ya ɓace, ni aka bi bashin harajin. Har yau ina biya wata-wata. Kamfanin lema na gaskiya PAYE, wato harajin da ake cirewa kafin a biya ma'aikaci, yake cirewa daga dukkan albashi. Ka sa ejan ya ba ka takardar da ke fayyace abin da za a cire, ka kai wa akanta ya duba kafin Juma'ar.