Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci: har da mutum biliyan 10?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum jama'a. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ranar 15 ga Nuwamba 2022 al'ummar duniya ta cika biliyan 8, alhali a 1950 biliyan 2.5 ne kacal. Amma da zarar ka ce anya ƙasa za ta iya ɗaukar mu kuwa, sai a jefo maka wannan karin magana, shi ke nan an rufe zance. Haka magabata suka nufa da ita?

Malam na Zaure: Wa'alaikumus salam. Maganar tana da tushe, duba aya ta 6 a Suratu Hud: babu wata dabba a doron ƙasa face arzikinta yana ga Allah. Tarihi ma ya gaskata ta. A 1798 wani limamin coci a Ingila, Thomas Malthus, ya ce haihuwa za ta tsere wa noma, yunwa ta rage mutane. Lokacin ko biliyan 1 ba a cika ba. Daga baya aka gano haɗa takin zamani, aka samu irin alkama da shinkafa masu albarka, abinci ya ƙaru fiye da yadda mutane suka ƙaru. Wane ne ya sanya masa iyaka?

Uwar Biyu: Allah gafarta Malam, ayar gaskiya ce, amma a duba inda ake faɗin karin maganar. Ni a gidan rasuwa na saba jin ta, ana rarrashin matar da aka bari da marayu, ko a gidan suna idan rumbu ya yi ƙasa. Magana ce ta kwantar da hankali. Abin da ke ci mini rai shi ne magidancin da zai toshe bakin matarsa da ita don ta nemi tazarar haihuwa, ga goyo ga ciki, ƙafafu sun kumbura. Alƙur'anin nan dai shi ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku.

Bamaraɗe: Hajiya ta taɓo wurin. A 1960 mutanen Nijar ba su fi miliyan 3 da 'yan kai ba, yau sun haura miliyan 25. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, gado ya yayyanka ta, rabon kowa bai kai filin ƙwallo ba. Hutar da gona kuwa an daina. To amma ku ji wani abu. Bayan farin 1984, manoman Maraɗi da Damagaram suka daina tumɓuke kututture lokacin sassabe. Sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a sare sauran. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da suka farfaɗo. Gawo shi ne sarki a nan: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar taki. Inda mutane suka fi yawa, nan itatuwa suka fi dawowa.

Ɗan Zazzau: Ke nan babu iyaka?

Bamaraɗe: Akwai mana. Tambayi masuntan Tafkin Chadi, da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance bai kai kashi ɗaya cikin goma ba a shekarun 1980. Iyakar tana matsawa ne gwargwadon yadda aka riƙe ƙasa da ruwa, da yadda ake ci. Hukumar abinci ta duniya ta ƙiyasta kusan sulusin abincin da ake nomawa asara yake bi. Je kasuwar Kwanar Gafan a jihar Kano lokacin kakar tumatir ka ga kwanduna suna ruɓewa a bakin titi.

Malam na Zaure: A nan ba mu saɓa ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, hatsin shekara bakwai ya sa aka adana a zangarniyarsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa kallon jariri a matsayin matsala.

Uwar Biyu: Ni ma ban ce haka ba, Malam. Uwar jaririn nake so a riƙa tambaya kafin a yi mata karin magana.