Abin da mai zuba jari ke son gani a rahoton itace da kwali

A zaman da masu gandun itatuwa da masu yin kwali suka yi a Zariya, an fi jan magana kan asalin katako. Shawarar ita ce kowace motar itace ta zo da takardar da ke nuna gandun da aka saro ta, ranar sara da nauyinta. Tarayyar Turai ba za ta karɓi kayan da aka share daji domin su bayan 31 ga Disamba 2020 ba, kuma tana neman wurin gona a taswirar GPS. Idan gonar ta wuce hekta 4, sai an zana iyakarta duka. Nan ake tuntuɓe, domin dillali kan haɗa itacen wurare da yawa a mota ɗaya, asalin ya ɓace.

A rahoton da za a ba mai zuba jari, kada a rubuta yawan dashe kawai. Itatuwan turare da malaina da aka dasa da damina, nawa suka tsallake rani? Wannan ne adadin da ke da amfani.

Dizal ɗin janareto, wuta da ruwa kuwa, a auna su kan kowane tan na kwali, wata-wata, da rasit. Tambarin FSC, wato ƙungiyar da ke ba da shaidar ana kula da gandun daji yadda ya kamata, kuma ba a buga shi sai an samu takardar shaida.