Leɓen sama mai tsawo: akwai aikin da ake yi a rage shi?

Maman Iman, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata a kan leɓen sama ce. Fatar da ke tsakanin hanci da jan leɓe ta yi tsawo, har haƙoran sama ba sa fitowa ko ana magana, jan leɓen ma ya naɗe ciki. Shekara 41, mace. An ce allurar fila, wato ta cika leɓe, tana gyarawa, wasu kuma sun ce sai an yanka. Wanne ne gaskiya, kuma ina ake yi kusa da Katsina?

Likita Abu Hanif:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin maganar allura ko wuƙa, a fara da awo. Ki tsaya gaban madubi, ki saki baki ba murmushi, ki ɗora rula daga gindin hanci, daidai ginshiƙin da ya raba ƙofofin hancin, zuwa inda jan leɓe ya fara. Ga mace, abin da likitocin gyaran fuska suka fi ɗauka daidai shi ne milimita 11 zuwa 13, namiji 13 zuwa 15. Sai awo na biyu, wanda ya fi na farkon muhimmanci: ki ɗan buɗe baki kaɗan, milimita nawa na haƙoran gaba ke leƙowa? Ga mace mai ƙuruciya 2 zuwa 4 ne. Shekaru suna tafiya fatar na saki, leɓen na sauka ya rufe su.

Fila ba ta rage tsawo ko milimita ɗaya. Cika leɓe take yi, kuma idan aka zuba ta da yawa a dogon leɓe nauyinta yakan ƙara jawo shi ƙasa, ko bakin ya turo gaba. Tana narkewa cikin wata 6 zuwa 12. Allurar Botox da ake yi a gefen leɓe tana sassauta tsokar da ta kewaye baki, jan ya ɗan juyo waje na wata biyu zuwa uku, fatar kuwa tana nan yadda take.

Abin da ke rage tsawo shi ne tiyatar ɗage leɓe. Wadda aka fi yi ita ce ta ƙarƙashin hanci, ana ce mata yankan ƙahon bijimi saboda siffar fatar da ake cirewa. Likita zai zana da alƙalami kina zaune, ba kina kwance ba, don kwanciya tana sauya yadda leɓe ke rataye. Layin sama yana bin lanƙwasar gindin hanci daga wannan gefe zuwa wancan, na ƙasa yana bin sa da tazarar abin da za a cire, galibi milimita 4 zuwa 7. A yi allurar kashe wurin, lidokain haɗe da adirenalin don rage jini, a cire fatar, a ɗan saki ta ƙasa, a ja ta sama. Ɗinki hawa biyu ne. Na ciki shi ke ɗaukar nauyi, ana kama shi da nama mai ƙarfi da ke manne da ƙashin gindin hanci. Na waje siririn zare ne mai haɗa bakin fata kawai, ana cire shi bayan kwana 5 zuwa 7. Duka aikin awa ɗaya ne ko da ɗan wani abu, a koma gida ranar.

Ɓarnar da aka fi gani daga wannan ɗinkin na ciki take fitowa. In aka rataya nauyin leɓe a fatar hanci kaɗai, sannu a hankali ƙofofin hancin za su jawu ƙasa su buɗe, tabon ya yi faɗi ya sauko fili. Ta biyu ita ce cirewa da yawa. Ba a so abin da ya rage ya gaza milimita 10 zuwa 11. Aka wuce nan, baki ya ƙi rufuwa sai da ƙoƙari, dasashi ya riƙa fitowa, kuma fatar da aka yanke ba ta dawowa. Ƙara cirewa daga baya abu ne mai sauƙi, mayarwa ce babu.

Akwai kuma wadda ake yanka a bakin jan leɓen kansa. Ban ba da shawararta ga baƙar fata ba, tabon yana zama a tsakiyar fuska inda babu lanƙwasar da za ta ɓoye shi.

Anti Nas, Daura:

Likita ya gama da aikin, bari in tsaya a kan tabo, don a wurinmu shi ne rabin maganar. 'Yar'uwa, ki duba jikinki tukuna: hujin kunne, wurin allurar rigakafi a dantse, tabon tiyatar haihuwa in akwai. In wani ya taɓa tsirowa ya yi tudu ya wuce iyakar ciwon, irin wanda ake ce wa kiloyid, ki faɗa wa likita tun ranar farko, kuma da yawansu za su ce a haƙura. Tsakiyar fuska ba ta cika yin kiloyid kamar kunne da ƙirji ba, amma tabon yakan yi kauri ko ya yi duhu fiye da sauran fata. In ya fara kauri ana yi masa allurar tiramsinolon a ciki, a maimaita bayan mako 4 zuwa 6.

Mai shafa man bilicin ta daina tun da wuri, ta kuma faɗi gaskiya in an tambaye ta. Yawancinsu akwai sinadarin sitiroyid a ciki, yana sa fata ta yi sirara, ɗinki ya ƙi kamawa, ciwo ya daɗe bai warke ba. Sigari da shisha a bar su aƙalla mako 4 kafin aiki da kuma bayansa. Asfirin da ibufurofen suna ƙara zubar jini, amma wanda likita ya ɗora wa asfirin saboda zuciya kada ya tsayar da kansa. Ciwon suga da hawan jini sai sun daidaita. Mai yawan ƙurajen zazzaɓi a leɓe ana ba ta maganin asikulobir kafin aiki, don yankan yakan tayar da su.

Makon farko a kwanta da filo biyu. Abinci mai laushi da cokali ƙarami: kunu, koko, fate, fura da aka dama sosai. Ban da tsire, kilishi, rake, goro, da duk abin da sai an wage baki, yaji ma a ɗaga masa ƙafa. Buroshi na yara, a hankali. Kada a sa man kaɗanya ko man zafi ko wani haɗin gida a kan ɗinki, abin da asibiti ta bayar kawai. Wajen alwala kada a goge wurin, kuma dogon sunkuyo yana ƙara kumburi a kwanakin farko, sai a nemi bayanin malami kan shafa a kan filasta da sauƙin da aka yi wa mara lafiya a sujada. Bayan mako biyu, ciwo ya rufe, a fara man silikon safe da yamma na wata uku, da man kare rana. In da zaɓi, kada a sa ranar aiki a tsakiyar hunturu: ƙura da bushewar leɓe suna wahalar da sabon ɗinki.

Kumburin fili yana sauka cikin mako biyu, amma leɓen zai yi tauri, murmushi ya zama wani iri har wata biyu zuwa uku. Tabo kuwa sai ya shekara ake yi masa hukunci.

Baban Sadiq, likitan haƙori:

Hajiya, ƙari ɗaya. Ba kullum laifin leɓe ba ne. Haƙoran gaba da suka cinye, ko aka cire su, ko muƙamuƙin sama da yake gajere ko ya koma baya, duk suna sa leɓe ya zama kamar ya yi tsawo alhali awonsa daidai ne. Wannan gyaransa a haƙori yake ko a ƙashi. Haka wadda dasashinta ke fitowa sosai in ta yi dariya, ɗage leɓe ƙara mata zai yi. A ga likitan haƙori a ɗauki hoton ƙashin fuska kafin a yanke shawara.

Batun wuri, ki fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina a duba ki, in ya kama a tura ki gaba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika duk suna da sashen tiyatar gyaran jiki da na muƙamuƙi da fuska. Shagon kwalliya ba wurin wannan aiki ba ne, ko da allura ce: fila in ta shiga jijiyar jini tana kashe fatar leɓe da ta hanci.

Maman Iman, Ƙofar Ƙaura:

Allah Ya saka da alheri. Na auna, 19 ne, haƙori kuma ba ya fitowa sam. Me zan tambayi likitan in na je?

Likita Abu Hanif:

Da 19 akwai abin cirewa, Hajiya. Ki tambaye shi milimita nawa zai cire, nawa zai bari, kuma a ina zai kama ɗinkin ciki. Ki ce ya tura leɓen sama da ɗan tsinken auduga kina kallon madubi, ki ga yadda 5 za ta kasance da yadda 7 za ta kasance, ki gwada rufe baki a kowanne. Ki nemi hotunan aikinsa a kan masu irin launin fatarki, waɗanda aka ɗauka bayan wata shida ko shekara, daga gaba da kuma daga ƙasan hanci. Sannan ki ji ko kuɗin da ya faɗa ya haɗa da allurar tabo da gyara na biyu in ta kama.