"Sauri ya haifi nawa": ta dace da mai neman tsere wa haske?

Ɗalibar kimiyya, Gombe: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Malaminmu ya yi mana bayanin ƙa'idar da Albert Einstein ya fitar a 1905, cewa duk wanda gudunsa ya kusanci na haske, lokacinsa yana tafiya a hankali idan aka gwada da na wanda ya bari a gida. Da ya gama sai ya ce ai Bahaushe ya riga ya faɗa, "Sauri ya haifi nawa." Tun ranar maganar take yi mini yawo a rai. Shin nan ne muhallinta, ko kuwa an ɗora mata kayan da ba nata ba?

Dattijo, Azare: Wa alaikumus salam 'yata. Yadda muka gaje ta, gargaɗi ce ga mai garaje. Tela ne a daren Sallah ya yi gaggawa ya haɗa hannun riga a baibai, dole ya farke ya sake, har gari ya waye bai gama ba. Nawar da ake nufi hasara ce da mutum ya jawo wa kansa da rashin natsuwa. Matafiyin da malaminku ya kwatanta kuwa bai yi kuskuren komai ba, saboda haka ni a ganina kalmomin ne suka yi kama, ma'anar ba ta je can ba.

Malamin kimiyya, Bauchi: Baba, Allah ya ƙara girma, asalin ma'anar kenan, amma ina roƙon a duba girman abin da ake magana a kai. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu ya je Gombe daga Bauchi ya dawo wajen sau dubu. Duk da haka sai ya shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso mana daga Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da ranarmu, kuma kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 zai buƙaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci wannan nisa. To, da za a sami jirgin da ke gudun kashi 87 cikin 100 na gudun haske, wanda ya shekara 10 a cikinsa zai dawo ya tarar an yi shekara 20 a gida. Ba tatsuniya ba ce, domin a 1971 an zagaya duniya da agogunan atam, masu auna lokaci daidai matuƙa, a jiragen sama, aka dawo aka ga sun saɓa da na ƙasa yadda lissafi ya nuna. Matafiyin da ya shekara 10 ɗin nan zai sauko ya tarar tsaransa sun yi furfura, wataƙila iyayensa sun rasu ba ya nan. Idan wannan ba hasarar da sauri ya haifa ba ce, Baba, me za a kira ta?

Dattijo, Azare: Ɗana, wannan ta taɓa mini zuciya. Na yarda a ara ta a aji, da sharaɗin a fara koya wa yara ma'anarta ta gida.

Ma'aikaciyar jinya, Kumo: Malam, duk bayaninka a kan wanda ya kusanci haske ne. Yaranmu kuwa abin da ke burge su shi ne a wuce shi, har a koma jiya a gyara abin da ya ɓaci. A wajen aikinmu muna cewa, "Komai gaggawar ungozoma ta bari a haihu." Ina ganin ita ce ta fi dacewa da wannan buri.

Malamin kimiyya, Bauchi: Hajiya, kin taɓo inda gizo ke saƙa. A ƙa'idar Einstein, duk abin da ke da nauyi, ƙarfin da ake buƙata don ƙara masa gudu yana hauhawa ba iyaka yayin da yake kusantar haske. Kuma lissafin ya nuna cewa da saƙo zai wuce haske, akwai mai kallon da a wurinsa saƙon ya isa kafin a aika shi, wato an yanke cibiya kafin haihuwa. A 2011 masanan da ke wani gwajin kimiyya mai suna OPERA sun ga kamar wasu ƙwayoyin da ake kira niyutirino sun riga haske a tafiyar kilomita 730 daga cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Geneva zuwa ɗakin gwaji na Gran Sasso a Italiya, sai a 2012 aka gano wata igiyar na'urar awon ce ba ta zauna daidai ba. Masanin kimiyya Miguel Alcubierre na Meziko ya kawo dabara a 1994 ta naɗe sarari a gaban jirgi a shimfiɗa shi a bayansa, amma tana buƙatar wani irin makamashi da babu wanda ya taɓa tara shi, don haka har yau a takarda take.

Ɗalibar kimiyya, Gombe: Na gode Baba, Malam da Hajiya. Abin da na fahimta shi ne hanyar zuwa gaba a cikin lokaci a buɗe take ga mai gudu, ta komawa baya ce ba a samu ba. Gobe zan kai wa malaminmu ta ungozoma, in ji ko zai yarda ta fi tasa zama daram.