Shawarar da aka ba ni kan mota mai zafi da za ta ɗauki iyali

Na tambayi abokai da makanikai, ina son mota mai jan wuta amma mu huɗu ne, ni da uwargida da yara biyu. Kusan kowa cewa ya yi in manta da mai ƙofa biyu, shigar da yaro baya wahala ce. Yawanci Camry SE ko Honda Accord suka ce, akwai ƙarfi ga but mai faɗi, kuma kayan gyaransu na nan birjik a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. An ja min kunne kan injin V6 mai silinda shida, tunda aka cire tallafin mai a 2023 silinda huɗu ta fi sauƙi. Masu son Golf GTI ma sun yarda ta yi ƙasa da yawa, ramukan unguwarmu da damina za su wahalar da ita.