Ina tunanin sayar da motata in koma hawa bas a Kano: waɗanda suka gwada su ba ni shawara

Baban Khadija: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina zaune a Rijiyar Zaki, ina aiki a Sakatariyar Audu Bako, kuma ni nake sauke yara a makarantarsu da ke Kabuga kowace safiya. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, gidan mai da garejin bakanike suke raba albashina tsakaninsu. Wani dillali ya kawo mai saye, an yi tayi mai kyau, suna jiran amsata ranar Juma'a. Tambayata ga waɗanda suka riga suka rabu da mota ce: akwai bas ɗin da mutum zai dogara da ita daga Titin Gwarzo zuwa cikin gari da ƙarfe bakwai na safe, kuma nawa kuke kashewa a wata?

Ɗan Kurna: Wa alaikumus salam. Malam, ka kai ta a mayar da ita mai amfani da iskar gas, tunda gwamnatin tarayya ma abin da take ƙarfafa wa mutane gwiwa a kai ke nan.

Alhajin Hotoro: Baban Khadija, ina roƙonka da girman Allah kada ka sayar. Ni na yi irin wannan lissafin, na sayar da tawa jim kaɗan bayan cire tallafin, ina murna na huta. Sai ga naira ta faɗi, farashin motoci ya tashi, kuɗin da ke hannuna ya tafi a cefane da kuɗin makaranta. Wannan duk mai sauƙi ne. Wani dare ciwon mahaifiyata ya tashi bayan gari ya yi tsit, na fita titi babu bas, babu ɗan adaidaita sahu, na koma ina buga ƙofofin maƙwabta, kowa na jin tsoron buɗewa. Da ƙyar wani bawan Allah ya fito da motarsa, muka isa asibiti tana numfashi sama-sama. Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau ba ta koma yadda take ba, kuma likita ya ce jinkirin ya ƙara mata wahala. Masu cewa a bar mota a hau bas su fara gaya mana wace bas ce take yawo da ƙarfe biyun dare.

Maman Ummi: Allah ya ba Hajiya lafiya, Alhaji, ya sa kaffara ne. Ni malamar makaranta ce, kuma daga Rijiyar Zaki zuwa Bata naira 500 nake biya a adaidaita sahu idan an cika mu. Ban taɓa yin nadamar ajiye mota ba.

Ɗan Kurna: Hajiya, wannan farashin bara ne. Makon jiya 800 aka karɓa a hannuna, kuma daga Kabuga na hau.

Maman Ummi: To shata aka yi maka ba ka sani ba, ɗan'uwa. Wanda ya saba hanya yana tambayar kuɗi kafin ya zauna, kuma hayis ba ta kai ko 500 ɗin ba, sai dai ka yi haƙuri da lodin da kwandasta zai yi a kowace tsayawa.

Bakano a Legas: Ku gafarce ni, amma matsalar ba ta farashi ba ce. A nan Legas an fara manyan motocin bas da ake kira BRT tun 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, aka ware musu layinsu a kan titi, shi ya sa mai mota yake zaune cikin cunkoso yana kallon bas tana wuce shi, har wata rana ya ajiye motarsa da kansa. A Kano kuwa an hana acaba a 2013 ba tare da an tanadi manyan motoci masu lokaci ba, sai adaidaita sahu ta cike gurbin. Motocin bas na gwamnatin jiha, masu suna Kanawa, da aka ƙaddamar a 2022 ma a titi ɗaya suke gwamutsuwa da kowa. Muddin bas ba ta fi mota sauri ba, wa'azi ba zai sa kowa ya hau ta ba.

Alhajin Hotoro: Malam, kai da kake Legas, yaushe rabonka da tsayawa a Ɗangi cikin zafin bazara kana jiran abin hawa? Shawara ta wanda abin ya ci ce.

Bakano a Legas: Alhaji, da girmanka, abin da ya same ka larurar dare ce, shi kuwa yana tambaya ne a kan zuwa aiki da safe.

Na Gwale: Ku bar gardama, a saya wa Baban Khadija jaki, tunda ba a taɓa ganin jaki a layin mai ba.

Baban Khadija: Na gode muku duka, Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Sai dai har yanzu babu wanda ya ce mini ga bas ɗin safe a Titin Gwarzo, ko yadda ake yi da yara uku a cikinta.

Maman Ummi: Batun yara ma ai ba shi ne babban abin tsoro ba, Malam. Ɗan ƙanwata yana dawowa daga makaranta bayan magariba, wasu matasa biyu da ya ɗauka fasinjoji ne suka zaro masa wuƙa a cikin adaidaita sahu, suka karɓe wayarsa, direban kuma bai ko waiwayo ba.

Ɗan Kurna: Ai kwacen waya shi ne abin da ya hana mutane da yawa barin motocinsu, ko da kuwa da lita biyu za su fita. A unguwarmu an kai ga mutum ba ya amsa kira a bakin titi, kuma wanda aka kama yau, jibi za ka gan shi a majalisa yana shan shayi. Ina son in san wanda yake zuwa belinsu.